Makullin Gidan Doka

Sana'ata lalata tsofaffin kaya. Haka ƙanena yake faɗa wa abokansa na ofis in sun tambayi me yayarsa take yi, ni kuma ban taɓa musa masa ba. Ina sayen tsofaffin cokula, da kwabo mai huda, da anini, da marfin agogon da ya daɗe da tsayawa, da makullan da ƙofofinsu suka riga su gidan gaskiya. In yanka, in gasa, in lanƙwasa, su koma zobe ko ɗan kunne ko abin wuya. Wurin wani maƙerin farfaru a Unguwar Shanu na koya, bayan na gaji da jiran aikin gwamnati. 'Yan jari bola sun san ƙofar gidanmu a Unguwar Dosa fiye da yadda dangi suka san ta. Abin dariyar, jikokin matan da suka zubar da kayan nan a bola su ne yanzu suke saye a hannuna suna ɗaukar hoto da su.

Inna, mahaifiyata, ta dawo hannuna ne da mantuwa ta fara yi mata yawa. Ba zan iya cewa ga ranar da ta daina gane ni ba. Ni ce 'yar fari, tun tasowata ba ta taɓa kama sunana ba, daga "ke" sai "waccan", in da mutane kuwa ko kallona ba ta yi. To da ta koma ce mini "baiwar Allah", an daɗe kafin in lura cewa wannan ba alkunya ba ce. Ranar da na lura ina kwashe tuwo. Na tsaya ina jiran in ji wani abu ya taso mini a ƙirji, bai taso ba, sai na ci gaba da kwashe tuwona.

Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, a gidan da gwamnati ta ba shi muka tashi, a unguwar Doka. Da ya yi ritaya aka ce ya ba da gida, ya haɗa makullai ya kai ofis. Amma Inna ta ɓoye guda ɗaya, na ƙofar baya, wadda take fita wajen igiyar shanya da gindin gwaiba. Dogon makulli ne na tagulla, mai zagayayyen kai, irin wanda ba a yi yanzu. Tun daga nan yana ƙulle a haɓar zaninta. An sayar da gidan, wanda ya saya ya rushe shi ya gina bene mai shaguna a ƙasa. Baba ya rasu. Makulli yana nan, mu ma har mun daina tsokanarta a kansa.

Da mantuwa ta kama ta, ta manta an ba da gidan. A wurinta baƙunta ta zo gidana, kuma gobe za ta koma. Ba ta yarda da mutanen gidan da ta sauka ba, saboda haka da ta idar da sallar asuba sai ta kwance makullin ta ɓoye shi kada a sace. Kafin a gama karyawa ta manta inda ta sa shi. Daga nan sai salati, sai zazzage jaka, sai kuka. Mun tsince shi cikin buhun shinkafa, cikin buta, cikin takalmin maigidana, sau ɗaya ma cikin kwanon man shanu. Wani lokaci kafin hantsi an gan shi, wani lokaci sai bayan azahar, kuma ba ta sa komai a bakinta sai an gani.

In an gani kuwa, sai ta yi dariya irin ta yara, ta shafa shi, ta ƙulle a zani, ta ce, "Alhamdu lillahi, gobe sai gida." Ta ci abinci da yawa, ta yi barci. Ni dai abin da nake gani a lokacin, an samu, zan koma kan aikina.

Dangi suna zuwa dubiya su yi ta sa mini albarka, wai aljannata nake nema, wai samun 'ya irina sai an tona. Ina cewa amin. Gaskiyar magana ba tausayi nake ji ba, ba haushi ba. Ina yi mata wanka kamar yadda nake wanke tukunya, da kyau, ba na barin ko'ina, amma zuciyata ba ta wurin. Ko kukanta ya daina shiga kunnena, ya zama ɗaya da ƙarar injin niƙan maƙwabta.

Abin da ya kawo magana shi ne ranar da ta kama maigidana. Matar da a da ko ruwa ba ta sha a gaban surukinta, in ta ji sallamarsa sai ta ja mayafi ta juya baya, ita ce ta tare shi a tsakar gida zai tafi aiki, ta cakumi babbar rigarsa tana lalube masa aljihu.

"Fito da shi! Na gan ka kana leƙen ɗakina. Ɓarawo da hula!"

Bawan Allah ya ɗaga hannuwa sama ya tsaya har ta gama. Ya gyara riga ya fita. Amma daga ranar ya fara fita tun kafin ta tashi daga kan darduma, yana karyawa a wurin mai shayi.

Ƙanena ya zo ranar Asabar, na ba shi labari. Shi mutum ne mai son a kawo ƙarshen matsala, a ofis ma haka aka san shi. Ya dubi teburin aikina, ya ɗauki wani zobe da na yi da wutsiyar cokali, yana jujjuya shi.

"Yaya, ke da maganin abin yake hannunki? Ki mayar mata da shi zobe mana. Abin da ke yatsa ai ba ya ɓata."

Na ce, "Makullinta fa."

Ya ce, "Makullin ina? Gidan da ake sayar da taya a wurin? Ƙarfen dai take so a jikinta, to ga shi nan a jikinta har abada. Ke ki huta, ita ta huta, mijinki ya dawo cin abincin gidansa."

Na duba maganar ban ga inda ta karkace ba. Ko yanzu in wani ya kawo mini ita a kan uwar wani, ina jin zan ce dabara ce.

Na bari ta yi barcin rana na kwance haɓar zanin. Aiki ne da na yi wa makullai da yawa, hannuna ya san hanya. Na fara da haƙoran, don fatar Inna ta yi laushi, abu kaɗan ke yage ta. Na sa magagari na goge su har suka zama gari a kan tebur, na share garin da gefen hannu. Na gasa shi ya yi ja, na tsoma a ruwa, na buga jikin ya yi faɗi, na naɗe shi a jikin ƙarfen awo, kan makullin ya kwanta a sama kamar idon zobe. Na matse shi kaɗan yadda ba zai fita da sauƙi ba. Sannan na wanke da tsamiya da toka. Shekara da shekaru na gumin hannu da hayaƙin murhu suka fita, tagulla ta fito tana ɗaukar ido. Cikin duk zobban da na taɓa yi, ba na jin akwai wanda ya fi shi kyau.

Da ta farka na shafa mata man kaɗanya a yatsa na zura mata. Ta ɗaga hannu tana kallo, ta juya shi wajen haske.

"Kai, wannan ya yi kyau. Baiwar Allah, dillanci kike yi?"

Na ce, "Inna, makullinki ne. Na gidan Doka. Na gyara miki shi don kada ya ƙara ɓata."

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mai tallan da ya cika zaƙin baki, ta ce Allah ya yi albarka. Ta wuni tana nuna wa duk wanda ya shigo. Na kira ƙanena na ce an dace.

Washegari da asuba ta kai hannu haɓar zani ta ji ba komai.

Na nuna mata yatsanta. Ta ce wannan zobe ne, ita makulli take nema, ko na mayar da ita mahaukaciya ne? Na kwatanta mata, ga kan nan, ga jikin nan da na lanƙwasa. Ta ce makullin da ba haƙori wace ƙofa zai buɗe? Aka wuce hantsi, aka wuce azahar, aka yi la'asar tana zazzage jaka. Ranar da ƙyar na samu ta sha kunu.

Ina da gwangwani cike da tsofaffin makullai. Na zaɓi wanda ya fi kama da nata, na cusa a buhun shinkafa, na ja ta wurin na ce mu duba nan. Ta ciro shi, ko kallonsa ba ta yi ba, ta murza shi tsakanin yatsu ta ajiye a ƙasa.

"Ba shi ba ne."

Matar da ba ta san 'yarta ba, ba ta san an yi sallar azahar ko ba a yi ba, yatsunta sun san makullin nan. Na bi 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin ƙarafa, na sa 'yan jari bola cigiya, ƙanena ma ya kawo wasu daga wani tsohon ofis da ake gyarawa. Kowanne sai ta murza ta ajiye. Na yi tunanin miƙe zoben, amma ko na miƙe shi haƙoran sun tafi, kuma ban taɓa tsayawa na kalle su da kyau ba balle in ƙera irinsu.

Ƙanena ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya riƙe kai, ya ce, "Yaya, mun yi gyaran gangar Auzinawa." Ya yi kuka sosai, har da shessheƙa. Na tsaya ina kallonsa, ina jin kishin yadda hawaye ke zo masa a sauƙaƙe. Na kawo masa ruwa ya wanke fuska.

A da, nema yana da ƙarshe. Kullum akwai lokacin da za a gani, ta yi dariyar nan, ta ce gobe sai gida, ta ci ta ƙoshi. Sai da abin ya tafi na gane ita ke nan murnar da ta rage mata a yini. Yanzu tana farawa da asuba, gajiya ce kawai ke tsayar da ita. Ta daina zagin kowa, ta daina cewa an sace. Maigidana ya dawo karyawa a gida. Ta rame, zoben da na matse har ya fara juyawa a yatsanta, kuma da wannan hannun take ɗaga matashi, take laluben ƙarƙashin katifa. Ni kuma ina bin ta a baya ina mayar da kaya wurinsu.

Wata safiya ina zaune a teburin aiki ina huda anini, ta zo ta tsaya a kaina.  Sai na ga tana murɗa zoben, ya fita ba wuya. Ta kamo hannuna ta sa mini shi a tafi, ta naɗe yatsuna a kai da nata hannun, ta rage murya kada mutanen gida su ji.

"Baiwar Allah, na ga ke mai kirki ce. Ba ni da komai sai wannan. Riƙe, na ba ki. Ki taimake ni ki nemo mini makullina, yarana suna can ƙofar baya suna jirana, babbar ba ta da haƙurin yunwa."

Na ce, "To, Inna."

Na ajiye guduma, na durƙusa kusa da ita, muka fara daga buhun shinkafa.