Ranar da Na Riƙe Igiyar Birgin Baba

Ko tsufa ya kama ni har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin ranar nan za ta fita daga raina. Abin ya fara karkacewa ne da ƙarfe bakwai da kwata na safe, lokacin da Baba ya buɗe but ɗin mota a bakin Tafkin Ontario, na hango ƙullin tsohon zanin Mama a ƙarƙashin sandunan fatsa. Ban jira an kwance ba. Na san ƙullin, na san ƙarar dalmar da ke cikinsa. Birgin Baba ne, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai ta rufe kifi.

Baba Basarke ne, ɗan gidan masunta, mutumin Yawuri, a cikin kwalekwale ya girma. Birgin nan mahaifinsa ne ya saƙa shi da hannunsa, kuma shi kaɗai ne abin da Baba ya taho da shi Amurka daga kayan tsohon. A Greensboro kuwa, garin da muke zaune, gyaran mota yake yi a wani wurin sayar da motocin hannu a High Point Road, titin da yanzu aka sauya wa suna, kullum yana wurin aiki sai Lahadi. Birgin yana cikin kabad. Duk shekara idan sanyi ya wuce sai ya fito da shi ya rataya a baranda, ya bi shi ido-ido, ya ɗaure inda ya saki, ya mayar. Bai taɓa jiƙa shi ba. Tafkunan garinmu kududdufai yake ce musu.

Wanda ya kawo maganar tafiyar shi ne Alhaji, aminin Baba, mutumin Nijar da ke aiki a wata gonar dawaki a Summerfield. Maigidansa ne ya ba shi labarin wani tafki can arewa, kan iyakar Kanada, wanda ba a hango ɗaya gaɓarsa, inda manyan kifayen salmon ke tururuwa bakin rafuka da kaka don su hau su yi ƙwai. Har sandunan fatsa ya ara masa. Ba a daɗe da ƙaramar sallah ba, ni kuma ina hutun tsakiyar zango a shekarata ta biyu a jami'a, sai aka ce in bi su saboda Turanci. Ni irin yaran nan ce da ba a jin muryarsu a gida, kullum kai a cikin littafi. Da aka ce ni zan yanki lasisi, sai da na karanta dokokin kamun kifin wurin daga farko har ƙarshe, na sake. Don haka na san kama irin waɗannan kifaye da raga laifi ne, kuma wanda aka kama, ban da tara, ƙwace ragar ake yi. Ban faɗa a gida ba, domin ko kusa bai zo mini a rai cewa Baba zai ɗauko birgin ba.

Na matsa kusa da shi, na yi ƙasa da murya.

"Baba, an hana raga a nan."

"Ba mun yanki lasisi ba, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Na fatsa ne kawai."

"Fatsa ai wasan yara ne," in ji shi, yana saɓa ƙullin a kafaɗa.

Alhaji ya leƙo daga ɗaya gefen motar, hularsa ta sanyi ta rufe kunnuwa. 'Yar lakkol yake ce mini, wato 'yar makaranta a bakin mutanen Nijar. "Bon, me 'yar lakkol take cewa?"

"Babu komai, Alhaji," na ce.

A gidanmu ɗiya ba ta gyara wa ubanta magana a gaban baƙo. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, na tashi ne na tarar da shi. Na ɗauki kula da fulas ɗin shayi na bi bayansu, zuciyata na bin ƙarar dalma a kowane taku. Da muka isa bakin ruwa Baba ya ajiye ƙullin kusa da kular, ya ce bari dai mu ga fatsar tasu tukuna. Na ɗan sami numfashi.

Tafkin kuwa ya kai yadda aka ba da labarinsa. Ruwa ne toka-toka har inda ido ya ƙare, yana zuwa yana marin duwatsu yana komawa. Itatuwan da ke bayanmu sun yi ja da rawaya kamar an kunna musu wuta, ganye na saukowa ɗaya-ɗaya. Sanyi na shiga har ƙashi, duk wanda ya yi magana sai hayaƙi ya fita daga bakinsa. Wasu Turawa sun jeru cikin ruwa da dogayen wandunan roba. Baba ya daɗe tsaye yana kallo. Ya durƙusa, ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya shinshina, ya ce, "Wannan ruwa ne." Ban taɓa jin ya yabi wani abu a ƙasar nan da irin wannan murya ba.

Muka zauna a kan duwatsun da ke kusa da bakin wani rafi. Ni na bi abin da na karanta sawu da ƙafa: ƙaramar ƙugiya, tana, 'yar dalma, in sauke har ƙasa in ɗaga kaɗan in jira. Kafin rana ta ɗaga na fara ciro perch, wasu 'yan kifaye masu ratsin baƙi da rawaya, ba su wuce ƙaramar karfasa ba. Alhaji, wanda ko iyo bai iya ba, ya yi sa'ar trout guda mai ɗige-ɗige, ya riƙa ɗaga shi yana juyawa kamar wanda ya ci kofi. Baba ne abin ya ƙi. Hannun da ya saba da igiya mai kauri ya kasa jituwa da zaren da ba a ko ganinsa sosai. Ya wurga, zaren ya cukurkuɗe. In kwance masa, ya sake wurgawa, ƙugiya ta kama dutse. Bai yi tsaki ba ko sau ɗaya, amma ina ganin yadda muƙamuƙinsa ke motsi.

Can da hantsi ya yi sosai, sandarsa ta lanƙwasa har kanta ya kusa taɓa ruwa. Wani salmon ya yi tsalle a gabanmu, tsawonsa ya kai hannun babban mutum, ya faɗo da ƙara. Na miƙe ina cewa, "Baba, bar shi ya gudu, kada ka ja!" Ina! Jikinsa ya riga ya koma Yawuri. Ya yar da sandar, ya cafke zaren da hannu biyu yana ja kamar mai jan mamari, doguwar igiyar nan ta masunta mai ƙugiyoyi da yawa. Zaren ya yanke shi a yatsa, sannan ya tsinke. Ruwa ya koma shiru.

Alhaji ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Sarkin ruwa, yau ruwa bai gane ka ba! Ka gaishe shi da Turanci mana, ko ka bar wa 'yar lakkol ta ciyar da mu."

Wasa ne irin nasu, sun saba. A gida Baba kan rama har sai Alhaji ya nemi sulhu. Ranar bai rama ba. Ya tsotse jinin yatsansa, ya zauna yana kallon bakin rafin.

Wajen azahar kifayen suka taru a wurin. Ruwan bai kai gwiwa ba, ana ganin bayansu baƙi-baƙi, sun cunkushe suna jiran su hau. Ko ni da ban san su ba na gane cewa wurgi ɗaya ya isa. Baba ya tashi ya kwance zanin Mama. Na ga ya zura madaukin igiya a wuyan hannunsa na hagu, ya naɗe ta zobe-zobe, ya yafa wani sashe na ragar a kafaɗa, ya ciji bakinta da haƙora. Bayansa da ya fara ranƙwafawa saboda shiga ƙarƙashin motoci ya miƙe. Gaskiya ban taɓa ganin mahaifina da kyau irin na wannan lokaci ba, kuma wani ɓangare na zuciyata so yake ya ga wurgin. Amma tun da safe na lura da wata koriyar mota ta jami'an kula da ruwa tana kai da kawowa a wurin fakin.

Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Na kama igiyar, tsakanin hannunsa da ragar, na riƙe.

"Baba, kada ka jefa." Muryata ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har wani Bature ya waiwayo. "Idan ya taɓa ruwan nan ƙwace shi za su yi, kuma ba za su mayar ba. Birgin Kaka ne."

Dariyar Alhaji ta ɗauke. "Ke, babanki ne fa."

"Na sani, Alhaji."

Baba ya dube ni, ragar na bakinsa. Idona ya cika da hawaye, amma hannuna ya ƙi buɗewa. Ya saki ragar daga haƙoransa ya ce, "Saki."

"Ka yi haƙuri, Baba."

Mun jima a haka, kifayen na ta motsi a bayansa. Daga bisani ya ce, a hankali, "Saki, ba ruwa zan nufa ba."

Na saki. Ya juya ya hau tudu, inda akwai fili mai ciyawa a ƙarƙashin itatuwa. Ya gyara tsayuwa, ya sake cizon ragar, ya murɗa ƙugu, ya wurga. Birgin ya tashi ya buɗe, da'ira cikakkiya, ba inda ya naɗe, ya ɗan tsaya a iska kafin ya sauka, dalma ta buga ƙasa a tare. Ya jawo igiya sannu-sannu. Ragar ta taho cike da jajayen ganye.

"Madalla," in ji Alhaji, yana neman gyara zama. "An samu na miya, saura kifin." Ba wanda ya yi dariya.

Yana cikin zazzage ganyen ne jami'in ya iso, wani dattijo mai furfura a gashin baki. Ya gaishe mu, ya duba lasisinmu, ya buɗe kula ya auna kifin Alhaji. Sai idonsa ya faɗa kan birgin. Ya tsuguna ya damƙi ragar, ya murza ta a tsakanin yatsunsa, ya taɓa igiyar, ya taɓa zanin. A bushe suke. Ya ce aikin hannu ne mai kyau, amma a mayar da shi mota yanzu, kada ya sake ganinsa kusa da ruwa, kuma da ya same shi a jiƙe da ba wannan maganar muke yi ba. Na fassara wa Baba kalma da kalma. Abin da ya ce kawai shi ne, "To."

Washegari muka kamo hanyar gida, tafiyar yini guda cikin duwatsu. Baba ya yi hira da Alhaji a kan farashin taya da labaran gida, amma ni ko sau ɗaya bai ce "Uwata" ba. Idan yana son ruwa sai ya ce a miƙo ruwa. Mama ta soya perch ɗina da yaji, ta yi farfesun trout ɗin da Alhaji ya bar mana rabi, ta kuma lura Baba bai ci da yawa ba. A kicin ta tsare ni, na ba ta labari. Ta riƙe haɓa ta ce, "A gaban Alhaji?" Sai kuma ta ce, "Ki ba shi lokaci."

Na koma makaranta da abin a raina. Ina zaune a laburare, shafi a buɗe, amma ina ta lissafin ko akwai wata hanyar da zan bi in hana shi ba tare da na kunyata shi ba. Ban samo ba. Har yau ban samo ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, akwai lokacin da shirun da muke kira ladabi yake zama barin mutum ya yi asara, kuma wanda kake jin nauyinsa shi ya fi cancanta ka buɗe baki saboda shi, ko da muryarka na rawa. Amma a lokacin ban tabbata ba. Ina ganin kamar na ceci birgi na rasa uba.

Wata Lahadi da na zo gida, da la'asar na same shi a baranda, ya rataya birgin yana tsince ragowar karan ganye daga idanun ragar. Na tsuguna a ɗaya gefen na fara tsincewa ni ma. Bai kore ni ba. Muka yi ta aiki, motoci na wucewa a ƙasa. Da na ga mun kusa haɗuwa a tsakiya, na ce, "Baba, laifi na yi?"

Ya zare wani ɗan jan ganye, ya juya shi a hannu, ya sake shi ya faɗa ƙasa.

"Tun da safe kunnena ya ji ki, Uwata," ya ce. "Hannuna ne bai ji ba, sai da kika riƙe shi. Da kin saki igiyar nan da na fara cewa ki saki, da yau ba ni da abin da zan bar miki."