Ƙafafun Kujerar Hajiya

Shekara ashirin da wani abu ina aikin tanjid a unguwar Jarwal a Makka, wato ɗinka wa kujeru riga da cusa musu soso. Ba iƙama, takardar izinin zama, ba shagon kaina, a bayan shagon wani tsohon Bahindiye nake raɓe. Aji huɗu na yi a Kano na gudu. Na faɗa ne don a san wanda aka ba aikin, ba don a yafe mini ba.

Wata tsohuwa a unguwar Tandabawi ta aiko a kira ni. Bahaushiya ce, ta Sudan iyayenta suka biyo. Na same ta a ƙasan bene kan kujerar roba. Ta ce akwai kujerar mahaifiyarta a sama.

"Ɗan nan, ka saukar mini da ita ƙasa, ka ɗan gyara ta."

Lokacin kowa a Makka jalsa yake so, zaman ƙasa irin na Larabawa. Duk wanda ya ce mini a saukar da kujera, zarto nake ɗauka in rage mata tsawo. Ban tambaye ta komai ba.

Kujerar jan karan-miski ce da ya koɗe, bayanta duk maɓallai a lotse, ƙafafun baƙin katako masu sassaƙa, kowace da 'yar tayar tagulla. Da na farke ta a shago sai ga gashin doki, da sifirin ɗaure da igiya, ƙulli bayan ƙulli. Bahindiyen ya riƙe hannuna. Ya ce aikin Ingila ne, tun zamanin tsohuwar sarauniyarsu, kafin ma Turawa su ci Kano. Irinta bayan gilashi ake ajiyewa, kuma gashin da ƙafafun su ne shaidar shekarunta. Na ce masa Turawa sun zauna a kanmu ya isa, ba zan girmama mazauninsu ba. Gaskiya dai haushi na ji, ya san abin da ban sani ba a sana'ata.

Na yanke ƙafafun. Gashin na zuba a shara, na cusa soso.

Da na kai mata, ta daɗe tana kallo. Ta ce kakanta kuku ne a gidan wani Bature a Hartum, da kujerar aka sallame shi, a jirgin ruwa ta tsallako. Sannan ta dafa gwiwarta.

"Shekara uku ƙafar nan ba ta lanƙwasa ba. Daga saman bene na ce ka sauko da ita, in samu in zauna."

Na ce zan mayar da ƙafafun. Ta ce wanda ya yanke ba tambaya, haka zai liƙa ba tambaya, in bar ta.

A kujerar robar ta ƙarasa sallolinta na duniya. Ƙafafun huɗu suna cikin buhu a ƙarƙashin gadona. Sau biyu ina sauya ɗaki, da su nake tafiya.