Kujerar Amurka da Mijina Ya Gyara

Shekara shida na yi ina aiki a wani gida a unguwar Zahir da ke Makka, kuma babu abin da ya tsaya mini a rai a gidan nan kamar ɗakin da ke ƙarshen bene. Gidan na wata tsohuwa ce Balarabiya da muke kira Sitti, tare da ɗanta likitan ƙashi wanda kowa ke ce wa Daktur. A Amurka ya yi karatu. Da ya tashi dawowa, maimakon ya zo da mota ko matar aure kamar 'ya'yan mutane, sai ya ciko kwantena da tsofaffin katakai ya jibge su a wannan ɗaki.

Akwai wani akwatin ajiye barguna mai shuɗin fenti da ya koɗe, ƙwari sun huda shi ta ko'ina. Akwai ɗan teburi mai ƙafa uku wanda samansa ke kifewa. A bango an rataye bargo na faci-faci, irin wanda ko a kan akuya mai haihuwa zan yi tunani kafin in shimfiɗa. Sai kuma ita uwar gayyar, wata kujera mai dogon baya na siraran sanduna kamar haƙoran mataji, fentinta baƙi duk ya goge a wajen ɗora hannu. Ƙafafunta huɗu suna tsaye ne a kan wasu lanƙwasassun katakai guda biyu, ko tari ka yi kusa da ita sai ta kama lilo.

Ranar da na fara aiki Daktur ya kai ni ɗakin ya yi mini lacca. Wai kayan sun haura shekara ɗari biyu, manoman can ne suka sassaƙa su da hannu lokacin da sanyi ya hana su fita gona. Wai wannan gogewar da nake gani a hannun kujerar, ita ce kuɗin. Ya kafa mini doka: ba ruwa, ba sabulu, busasshen tsumma kawai, kuma ba a zama. Shi kansa sai ya sa farar safar hannu yake taɓa su.

Na ce to, don ba ni na haifi gidan ba. Amma ni 'yar Kano ce, a gidan da na tashi tukunyar da ba ta ɗaukar ido ba ta hawa jere. Kuma kullum ina wucewa ta haraj, kasuwar tsofaffin kaya, na san abin da ake sayarwa riyal goma a haɗa maka da godiya. Duk ranar da Daktur ya hau da baƙi yana nuna musu ɗakin nan, ni ce nake jin kunyar a madadinsa. Na gama yanke wa raina cewa Turawa sun ga baƙo mai kuɗi ne suka share rumbunsu a kansa.

Sitti ma ba ta ƙaunar ɗakin. Gwiwoyinta sun gaji, a zaune take salla a kan wata farar kujerar roba mai zamewa a tayil. Ta taɓa faɗa mini a asirce cewa wata rana da ɗanta ba ya nan ta gwada salla a kan ta Amurka. Da ta sunkuya ruku'u kujerar ta nemi ta kifar da ita, da ta ɗago kuma ta yi baya da ita har ta hango silin. Tun daga ranar take kiranta kujerar marasa salla.

Mijina kafinta ne. A lokacin shekararsa goma sha bakwai a Makka ba shi da igama, wato takardar zama. Umara ya zo ya maƙale, kamar yawancinmu. A bayan gidaje yake aiki a unguwar Rusaifa, yau gyaran ƙofa, gobe sauya yadin kujera, kunnensa ɗaya a kan aiki ɗaya a kan titi. Mahaifiyarsa tana wani ƙauye kusa da Ɗambatta, ta tsufa, idonta ya fara rauni. In ya fita ba takarda, ba shi ba dawowa, ga ni ga yara uku a nan. Duk Juma'a yakan kira ta. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma jan hira da shi. Ta tambayi aiki, ta tambayi yara, ta miƙa wa ƙanwarsa wayar. In an kashe sai ya ɗauko kurfi ya yi ta wasa shi a dutse alhali babu abin da zai sassaƙa. Ina tausayinsa ƙwarai a irin wannan lokaci.

Sai aka buɗe ƙofar gyaran takardu ta ɗan lokaci ga wanda ya samu kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya masa ya sa hannu. Na yi kwana uku ina juya maganar kafin na tari Daktur da ita. Bai ƙi ba. Ya ce ba ya sa hannu ga wanda bai ga aikinsa ba. Za su hau Ɗa'ifa kwana goma su huta da zafi, mijina ya zo ya gyara ƙofofin kabad ɗin kicin, in ya dawo ya ga aikin ya yi, shi ke nan.

Kafin azahar ta ranar farko mijina ya gama ƙofofin. Ya tsaya yana kallonsu ransa ba daɗi, ya ce wannan ai ɗaure ƙusa ne, ba a gane kafinta a nan. A wajenmu in kana neman alfarma wurin babba ba ka tsayawa a iya abin da ya sa ka, sai ka ɗora masa wani abu daga kanka, yadda mai awo ke ƙara ɗan hannu bayan mudu ya cika. Ya dubi falon, komai sabo ne fil, babu inda zai sa hannu.

A nan zan faɗi gaskiya, domin shekaru da yawa ina barin mutane suna ɗora masa laifin shi kaɗai. Ni ce na ciro makulli daga bakin zanena. Ni ce na hau da shi bene na buɗe ɗakin.

"Baban yara," na ce, "ga inda za ka nuna kanka."

Ya zagaya kujerar sau biyu, ya tura ta da yatsa ya jira ta gama rawarta. Ya kifa ta ya duba ƙasanta, ya daɗe yana shafa mahaɗar katakon, don babu ƙusa ko ɗaya, an soke kowace sanda an ɗaure ta da ɗan tsinken itace. Ya jinjina kai ya ce wanda ya yi ta mai hannu ne, sai dai da alama ba a bar shi ya ƙarasa ba. Na ba shi labarin ruku'un Sitti. Ya ce subhanallahi, tsohuwa a gida ana ajiye irin wannan.

Kwana huɗu ya yi a kanta. Ya fara cire lanƙwasassun katakan nan, sai ya tarar ƙafafun tsagaggu ne a ƙasa kuma na baya sun fi gajarta, don haka ya sa zarto ya daidaita su. Ya bi ta da sanfefa. A ƙarƙashin baƙin fentin ya tarar da kore, a ƙarƙashin koren ya tarar da ja, ya ce malalatan masu fenti uku ke nan a jere babu wanda ya kankare na wani. Ya kankare duka har sai da farin itace ya fito, ya sha banish hawa uku. Ya sa soso mai kauri a mazaunin, ya lulluɓe da jan karammiski, ya zagaye da ƙusoshi masu ruwan zinare. Ni na zaɓi kalar, har unguwar Shisha na je neman yadin. Da ya gama muka tsaya a bakin ƙofa muna kallonta, wallahi ko a ɗakin amarya aka sa ta sai an tambayi inda aka saya.

Shirinmu shi ne washegari a shiga akwatin, har ya auno fomeka. Sai ga su sun dawo kwana biyar kafin lokaci, wai sanyin Ɗa'ifa ya tayar wa Sitti da ciwon gwiwa.

Daktur ya duba kicin ya ce tayyib, aiki ya yi kyau. Da mun bar shi a nan da an wuce wurin. Amma mijina ya yi murmushi ya ce akwai saura a sama. Muka hau mu uku. Daktur ya tsaya a bakin ƙofa ya duba dama ya duba hagu, ya tambayi ina kujerarsa.

"Ga ta nan, Daktur," in ji mijina. "Hadiyya ce daga gare ni, ba ko riyal."

Ban taɓa ganin mutum ya zauna a ƙasa a hankali irin haka ba. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya rarrafa wajen akwatin ya dafa shi da hannu biyu, ba ko safa, ya hango fallen fomekar a jingine a bango ya rufe ido. Can ya ce shekara biyu ya yi yana bin wata tsohuwa a wani ƙauye mai dusar ƙanƙara kafin ta yarda ta sayar masa da kujerar nan, kuma wannan fentin da aka kankare hannun mutum bakwai na gida ɗaya ne ya goge shi. Ya ɗauki lanƙwasassun katakan biyu ya miƙa wa mijina ba tare da ya dube shi ba. Ya ce kalas, magana ta ƙare, ya tafi da su, kada ya sake ganinsu.

Mijina ya karɓa ya riƙe su a ƙirji. Bai fahimci laifinsa ba tukuna, amma ya fahimci igama ta tafi, na gani a fuskarsa. Ni kuwa na tuna tsohuwar da ke can tana jiran Juma'a, na tuna da hannuna na buɗe ƙofar nan. Na jingina da bango na fara kuka ba sauti.

Ana haka aka kira la'asar. Muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar Sitti a matakala, ta hawo ganin abin da ya riƙe mu. Ta dubi ɗanta a ƙasa, ta dubi kujerar. Ta zungure ta da sanda, ba ta motsa ba. Ta zauna, ta jijjiga jikinta gaba da baya, kujera ta tsaya ƙyam. Sai ta ce in juya mata ita alƙibla in miƙo darduma. A nan ta yi sallarta, ta ja ta yadda ban taɓa gani ba, mu uku muna jira kamar masu laifi a gaban alƙali.

Da ta shafa addu'a ta dube ni ta ce, ya binti, wato 'yata, me ya kai mijinki ga wannan wahala? Na faɗa mata komai, har da makullin. Ta tambayi shekara nawa rabonsa da uwarsa. Na ce goma sha bakwai. Ta ja carbinta, sannan ta juya wajen ɗanta.

"Kai shekara tara ka yi a wajen mutanen nan, babu ranar da ban ƙirga ba. Ka dawo mini da itace. Sa masa hannu."

Washegari ya sa hannun, bisa sharaɗin ƙafar mijina ba za ta sake taka benen ba har abada. Ya sauya kwaɗon ɗakin, ya karɓe makullina, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Kujerar kuwa aka sauko da ita ɗakin Sitti, ta roba ta koma baranda.

Da takardar ta fito mijina ya shirya tafiya gida shi kaɗai, don tawa ba ta kammala ba. Ina haɗa masa kaya, dabino da zamzam da darduma, sai na tarar da katakan nan biyu a ƙasan jaka a naɗe cikin tawul. Na ce ya bar masifar nan a nan. Ya ce itacen da ya shekara ɗari biyu ba a yar da shi. Daga baya ya faɗa mini cewa ranar sa hannu Daktur ya huce har ya ce masa a can irin kujerar nan ta iyaye mata ce, a kanta suke rarrashin jariri, a kanta kuma suke hutawa in sun tsufa. Maganar ta zauna masa.

Kwana uku da isarsa ƙanwarsa ta kira ni ta bidiyo tana ƙunshe dariya. Ta ce tun da ya sauka Inna ba ta ce masa komai ba bayan sannu da hanya, in ya shigo ma sai ta ja mayafi ta kau da kai, shi kuma ya shige zaure yana ta buge-buge. Ta juya mini wayar. Ga shi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, ya haɗa kujera da farin katako, ya ɗora ta a kan katakan Amurka. Ya durƙusa ya ce Inna ta zauna.

Ta laluba ta zauna. Kujera ta yi baya da ita, ta yi salati ta cafke wuyan hannunsa. Da ta dawo daidai, sai ta juya wajen ƙanwar tasa, don ba za ta yi masa magana kai tsaye ba.

"Ke, tambayar mini wannan. Shekara goma sha bakwai yana kafinta a Makka, kujera ɗaya bai iya yi ta zauna daidai ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce yanzu zai cire katakan, aikin minti biyar ne, ya saba. Ya yunƙura zai tashi ya ɗauko zarto.

"A bar ta," in ji ta.

Ta tura ƙasa da yatsun ƙafarta, kujerar ta tafi ta dawo. Har katin ƙanwar ya ƙare ina kallo, ba ta saki hannunsa ba.