Yadda Na Shiga Dalar Fir'auna Da Rarrafe

Sunana Tobias, amma a garinmu Kona, kusa da Jalingo, ba mai kirana haka sai matata Dokas, ita ma sai ranta ya ɓaci. Kowa Ticha yake ce mini. A gindin dutsen Kona aka haife ni, gidan manoma. Da mahaifina ya ga hannuna ba ya jituwa da fartanya, bakina kuwa ba ya gajiya, sai ya ce a kai ni makaranta ko surutun zai zama abinci. Ya kuwa zama. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a firamare, na zauna garin Iware, na zauna garin Mutum Biyu, na dawo Jalingo na yi ritaya da tumbi da ciwon gwiwa.

A duk darussan da na koyar babu wanda nake so kamar na dalolin Masar. Ban san me ya haɗa ni da su ba. In na zana su a allo har ja da baya nake yi in duba ko sun miƙe. A zuciyata na riga na gama ƙawata cikinsu: ɗakuna jere kamar sakatariyar jiha, bango duk zane, zinariya har bakin ƙofa, ga sanyi kamar cikin randa. Alhali iyakar tafiyata a duniya Jos ce.

Bara 'yarmu Joan, wadda ke aikin jinya a Ingila, ta haihu, ta aiko mana da tikiti. Uwarta za ta je wankan jego, ni kuma ɗan rakiya. Da na ga jirgin zai sauke mu a Alkahira da safe, na gaba kuma sai yamma, na tashi na zagaya tsakar gida. Ranar tafiya na saka babbar rigata ta Kirsimeti, na kafa hula. Na ce ba zan je gaban Fir'auna da shigar kasuwa ba.

A filin jirgin Alkahira aka ce masu son ganin dala su shiga wata mota. Dokas ta riga ta miƙe ƙafa a kan jakarta.

"Baban Joan, ba kai ne kake kukan gwiwa tun daga Abuja ba?"

Na ce, "Gwiwa ta jira. Tashi mu je."

Na ɗauka sai mun yi tafiya mai nisa cikin hamada. Ina! Muna cikin cunkoson motoci da benaye, ana ta hon, kawai na ɗaga kai na ga abu ya tare rabin sama. Jawabin da na tanada tun ina saurayi ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai!" Dutse ɗaya na jerin ƙasa ya kusa kai mini ƙirji.

Bakin bai daɗe a rufe ba. Jagoranmu wani Bamisire ne mai suna Ismail, mutum mai haƙuri. Duk maganar da ya fara ni nake ƙarasa masa, har sauran matafiyan suka fara matsawa nesa da ni. Da ya tambaya ko akwai mai son shiga ciki, na riga kowa ɗaga hannu. Ya dubi fuskata, ya dubi tumbina, ya ce hanyar fa matsattsiya ce. Na gaya masa ni ɗan dutse ne, a kan duwatsu na girma ina korar birai daga gona. Ban dai gaya masa shekarar da na yi korar ƙarshe ba.

Dokas ta sami inuwa ta zauna, ta buɗe lema. Ta ce, "Kabarin da ba na danginmu ba, me zan shiga nema? Sai ka fito."

Farkon shiga lafiya lau. Can sai rufin ya sauko, hanyar ta miƙe sama, an shimfiɗa katako ana takawa a duƙe. Hulata ce ta fara faɗuwa, ban ƙara ganinta ba. Sanyin da nake tsammani kuwa, zafi na tarar irin na ɗakin gasa burodi. Ban yi nisa ba bayana ya riƙe, na sauka a kan gwiwoyin nan da na ce su jira. Ina rarrafe ina take babbar riga, ita kuma tana ja mini wuya, har na ji ƙyat, ta yage daga kafaɗa. A bayana layi ya taru, ana magana da harsuna iri-iri, kuma ko ba tafinta na san da wa ake. Wata tsohuwa 'yar ƙarama mai farin gashi, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta dafa ƙafata tana faɗin wata kalma ɗaya tana maimaitawa. Ban san ko ƙarfafa ni take ba ko cewa take in kauce. Na yi addu'o'in da rabona da su tun ajin baftisma.

Da kyar na kai ɗakin sarki. Na miƙe ina haki, na duba gabas na duba yamma. Babu zane, babu zinariya. Ɗaki ne fayau na baƙin dutse, sai wani akwatin dutse marar murfi a gefe, kamar kwamin shayar da shanu. Na zauna a ƙasa na fashe da dariya, ɗakin ya ɗauki dariyar ya dawo mini da ita da kauri, har ta ba ni tsoro na yi shiru. A cikin shirun na shafa bango. Na nemi inda dutse ya haɗu da ɗan'uwansa, farcena bai shiga ba. Mutane ne suka yi wannan da hannu, suka mutu, aka manta sunansu, aikin yana nan. Na daɗe zaune, kuma ba gajiya kaɗai ta zaunar da ni ba.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ashe mota ta cika ni kaɗai ake jira, sai da Ismail ya biyo sahuna. Shi a gaba yana riƙe da takalmina, ni a baya ina jan gindi, haka muka fito. Na tarar Dokas ta yi ƙawa da wata mai sayar da gyale, suna cin gyaɗarmu ta Jalingo suna hira, alhali ba mai jin yaren wata. Tana ganina ta ɗaga waya ta ɗauke ni hoto kafin ta ce sannu.

"To, Ticha, ina zinariyar?"

Na ce, "Sun kwashe kafin in iso."

Muka sauka Ingila ana tura ni a keken marasa lafiya. Joan ta zo tarbarmu da jaririya a hannu, ta ga ubanta da rabin riga, ta rasa ta inda za ta fara tambaya. Makon farko ban iya sauka daga gado ba. Kullum da safe Dokas za ta dafa ruwa ta gasa wa mai jego jiki, in ta gama ta shigo da sauran ta gasa mini baya da cinyoyi, tana cewa ita dai ba a gaya mata mutum biyu ne suka haihu ba. Kunun jegon ma tare ake dama mana. Ni ban yi musu ba, ina sha ana ajiye mini jikata a gefe, mu biyu muna kallon rufi, babu mai iya tashi a cikinmu.