Ranar da Sifana Ya Gyara Haƙoran Baba Usur

Duk direban da ya taɓa shiga harabar siton nan da tirela ya san Baba Usur. Ƙofofin lodi tara ne a jere, tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai ginshiƙin siminti, filin kuwa da ƙyar mota ke juyawa a cikinsa. Direba ba ya ganin bayansa, Baba Usur ne idonsa: jar tuta a dama, koriya a hagu, usur na ƙarfe a baki. Busa ɗaya, taho. Biyu, karya kan mota. Doguwa ɗaya, taka birki ko uwarka ce ke kiranka. Tun kansa na baƙi ƙirin yake wannan aiki. Da shi ya yi aure, da shi ya sa 'ya'ya biyar a makaranta, uku sun gama, biyu suna ciki.

Tunda hannu biyu na riƙe da tuta, riƙon usur sai haƙori. Haƙori kuwa ba ƙarfe ba ne. Na sama suka fara girgiɗi, wannan ya bi wancan, har shida suka tafi, huɗu na tsakiya da fiƙa biyu. Ya koma kama usur da leɓe, busar ta zama kukan ɗan tsako. 'Yan dako suka samu abin yi.

"Baba, rufe ƙofa ta goma, iska na shigowa!"

"Ubanka ne ya buɗe ta," in ji shi, yana kare baki da tuta.

Sabon manaja, wanda a haife Baba ya haife shi, ya kira shi ofis. Ko kujera bai nuna masa ba.

"Direbobi sun ce ba sa jin ka. Ko ka gyara bakin nan, ko mu nemi mai haƙori."

"Ranka ya daɗe, a aikin nan na zubar da su."

"Ban ga haƙori a cikin kayan kamfani ba, Baba."

Baba ya juya ya koma bakin aiki.

Babbar 'yarsa ce ta kai shi wurin likitar haƙori. Aka ɗauki awon bakinsa da wani abu mai laushi kamar kwaɓin fulawa, daga baya aka miƙo masa haƙoran roba: ɗan faranti mai launin dasashi da ke manne wa ganɗa, haƙora shida a gabansa, da 'yan ƙugiyoyin waya biyu masu kama turame. Da ya duba madubi sai da ya ji kunyar kansa don daɗi. Matarsa ta ce, "Malam, ashe haka kake? Da na sani da ban yi ta yi maka tsiwa ba."

Likitar ta ja masa kunne. Sabon haƙori sai ya ci dasashi, in ji ta, kamar sabon takalmi. Kada ya taɓa shi da komai, kada ya sa shi a ruwan zafi. Ya dawo da safe ta rage inda yake cizo, aikin bai kai shan shayi ba.

To, safiya ita ce lokacin lodi. Sau uku Baba yana neman izinin rabin yini, sau uku manaja yana cewa, "Motoci na layi, wa zai shigar da su? Ka bari a samu sarari." Sarari bai zo ba. Dasashin ya kumbura, ya fashe a wuri biyu. Biredi ma sai ya jiƙa. In ya cire usur daga baki sai ya ga jini a jiki.

Ranar nan yana zaune a inuwar gareji, ya cire haƙoran ya riƙe a hannu yana tsaki, sai ga bakaniken siton, amininsa, wanda kowa ke kira Sifana.

"Kai dai ka cika son wahala. Kawo nan."

"Likita ta ce kada a taɓa."

"Likitar ta taɓa sauke inji? Abin da ya matse, rage shi ake yi. Ni da nake sa fistan ya zauna daidai, ɗan robar nan ne zai gagare ni?"

Zafin ciwo ya sa Baba ya miƙa. Sifana ya goge hannu a wando, ya ɗauko magagari ya shiga gurza. Ya rage dama, sai hagu ta fi tsawo, ya rage hagu. Ya sa filaya ya buɗe ƙugiyoyin. Ya ce farantin ya cika lanƙwasa, ya tsoma shi a kofin ruwan zafi ya danna da babban yatsa. Baba ya mayar bakinsa. Wallahi ko ɗigon zafi babu.

"Na gaya maka! Su karatu, mu aiki."

Ba zafi, don babu inda haƙoran ke taɓawa.

Mota ta huɗu a safiyar washegari tirela ce shaƙe da tayil, za ta ƙofa ta bakwai. Baba ya busa ɗaya, ta taho. Ya busa biyu, ta karya. Ya ga gindinta ya doshi ginshiƙi, ya ja numfashi har ciki don doguwar busa, ya hura. Usur ya yi tsalle ya rataya a igiyarsa. Haƙora shida suka yi gaba, suka dira ƙarƙashin motar. Ya yar da tutoci, ya ɗaga hannu yana ihu, amma direba na kallon ɗaya madubin, inji kuma ya cinye muryar. Ƙarar da ta biyo baya har masu gadin titi sun ji ta. Ginshiƙi ya tsage, ƙyauren motar ya lotse, tayil ya zube kamar an kifar da kwandon tangaran.

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya durƙusa ya tsinto abin da taya ta bari: haƙora biyu da guntun waya. Da su ya shiga ofis, ba sallama, ya zube su a kan teburin manaja.

"Ga su nan! Sa su a kayan kamfani!"

"Baba, ka san asarar da ka ja?"

"Ni na ja? Sau nawa na tsaya a ƙofar nan ina roƙonka kamar mai bara? Rabin yini! Ka hana ni rabin yini, yau ka rufe ƙofa ta bakwai sai an sake gini. Bakina na jini kana ƙirga motoci. Da kai ne, da tuni kana kwance a asibiti an sa maka fanka!"

"Ni na ce ka kai wa bakanike bakinka?"

Wannan ta fi komai ƙona wa Baba rai. Ya kwashe haƙoransa biyu daga teburin ya fice.

An karɓe tutocin. Manaja ya ce albarkacin furfura ba zai kore shi ba, ya koma bakin get yana ɗaga sandar tare motoci. Baba ya so ya ce a riƙe aikin, ya tuna yara biyu, ya karɓi makullin get.

Yana can har yau. Likitar ta yi masa wasu haƙoran, bayan ta wanke shi tas da faɗa, ya kuma je gyara sau biyu, don mai gadi yana da wanda zai riƙe masa. Sun zauna daram. Daga get yana jin busar wanda aka ba wurinsa, yana gyara masa a zuci yana tsaki.

Kullum da safe Sifana sai ya tsaya da babur ɗinsa a gaban sandar.

"Har yanzu fushi kake? Aikina ba shi da laifi, kai ne ka cika hurawa da ƙarfi."

"Wuce, kafin in sauke maka sandar nan a ka."