Ranar da na roƙi yara su yi waƙa

Ban taɓa mantawa da ranar da Nafisa ta yi wasanta na ƙarshe a gabana ba. Wata Asabar ce bayan ƙaramar Sallah, a filin makarantar da ke bayan kasuwar Zongo. A lokacin na daɗe ina alƙalancin sofbol na 'yan mata, har yara sun bar kirana da sunana, sai dai Baba arbitir, wato alƙalin wasa.

Ga wanda bai san wasan ba, yarinya ɗaya ce ke jefa ƙwallo, wata daga ɗaya ƙungiyar ta doka da sanda ta ruga. Alƙali yana tsaye bayan mai dukan, shi ke faɗin ko jifa ya yi kyau ko ya kauce. In ya kauce sau huɗu, mai duka ta wuce kyauta. Sauran yaran suna kan benci suna waƙa da tafi, kuma lura da waƙar nan na cikin aikinmu. An yarda ki zuga taku, ba a yarda ki yi wa ta wasu habaici ba. Wadda ta yi, a gargaɗi kocinta. In ta sake, ta bar fili.

Nafisa ce mai jifan ƙungiyar Zongo. Mahaifiyarta mai sayar da koko ce a bakin filin, Allah ya ji ƙanta, ta rasu ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Uban yarinyar ya riga ta rasuwa. An yanke cewa goggonta za ta tafi da ita Dosso, mota kuma washegari. Yarinyar ta roƙa a bar ta ta yi wasan nan ɗaya ta gama shi, aka bar ta.

Kafin a fara, ƙa'ida ce alƙali ya kira koci biyu a gaisa. Malama Zulai, kocin Zongo, ta ce, "Baba, yau ba za mu yi waƙa ba. Ba a yi arba'in ba, ina mu ina tafi?" Musye Kofi, kocin 'yan unguwar Agbalépédo da za a kara da su, ya cire hularsa ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "To mu ma babu waƙa. Mama ɗaya ne ko'ina." Na sa musu albarka, don ni ma a ganina hakan ya dace.

Aka fara. Filin da kullum sai na ɗaga murya ake jina, ranar har kukan awakin kasuwa nake ji. Nafisa ta jefa, ya kauce. Ta sake, ya faɗi ƙasa tun bai iso ba. Yarinyar da ba a cika dukan ƙwallonta ba, sai ga masu duka suna wucewa kyauta ɗaya bayan ɗaya, kowacce kanta a sunkuye kamar ta yi sata. Ni kuwa ba ni da ikon in ce jifan da ya kauce ya yi kyau, ko na marainiya ne.

Can ta tsaya, ƙwallo a hannu. Na ɗaga hannu na tsayar da wasa, na taka zuwa wurinta. Malama Zulai ta taso tana cewa, "Zo ki huta, 'yata, Rabi ta karɓe ki."

Nafisa ba ta dube ta ba. Ni ta duba, ta ce, "Baba, don Allah ka ce su yi waƙa. Wannan shirun irin na gidanmu ne. Shi na gudo."

Shekara da shekaru aikina in ce a rage murya. Na juya wajen bencin Zongo na ce, "'Ya'yana, ku yi mata waƙarta." Suka dubi juna. Ɗaya ta buɗe baki, kuka ya riga ta.

Sai wata 'yar ƙarama a bencin Agbalépédo, wadda ba ta jin Hausa sosai, ta fara tafi. Sun sha jin waƙar ana cin su da ita, har sun haddace: "Jefa, Nafi, jefa, hannunki wuta, jefa!" 'Yan uwanta suka kama. Sannan na Zongo suka shiga, suna yi suna share hanci da gefen hijabi. A ƙa'ida ba a kiran sunan mai jifan wasu a waƙa. Duk da haka na koma wurina, na sa abin kare fuska, na ce a ci gaba.

Hannunta ya dawo, amma ramin da aka haƙa tun farko ya yi zurfi. Zongo ta sha kashi. Nafisa dai ta jefa ƙwallon ƙarshe da hannunta. Da aka jeru gaisuwar ƙarshen wasa, ta bi kowa ta ba ta hannu, ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, a yafe mini." Na ce, "Allah ya yi miki albarka, ya sa inda za ki ya karɓe ki." Ban ƙara ganinta ba.

Ku da kuke shiga aikin nan yanzu, za a koya muku waƙar da ake hanawa, kuma ku hana ta. Amma ku sani manya mukan yanke wa yaro abin da ya dace da baƙin cikinsa ba tare da mun tambaye shi ba. In kun ga benci ya yi tsit, ku dubi yarinyar da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, ku je ku ji ta bakinta.