Inna Mai Faranti da Rularta

A gafarce ni, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Amma yau Inna Mai Faranti ke barin aiki, kuma ban ga wanda ya ɗauki biro don ya yaba mata ba.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin gwaji, can bayan asibiti, kusa da wurin wanki. Kullum da safe takan fito da farantan da ta shuka ƙwayoyin cutar majinyata, kowanne an ɗiɗɗiga masa magunguna. Inda magani ya kashe su, sai fili ya zagaye shi. Filin nan take aunawa da tsohuwar rularta.

"Kullum tsukewa yake yi, Likita," takan ce. "Ƙwayoyin nan sun fi mu zumunci. Ta hanji sai ta miƙa wa ta gyambo guntun gadon halittarta, ita kuwa ta ɗinke shi cikin nata, shi ke nan ta koyi ƙin magani. Kuma fa ba dangin juna ba ne!"

"Inna, bar wa'azin nan, faɗa min maganin da zan rubuta," nakan ce mata.

Bara aka kwantar da wani tela, mahaifina, gyambo ya ci ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita. Farantinsa babu fili ko na bakin allura. Aka sa ranar yanke ƙafar. Inna ta roƙi kwana biyu, ta yi ta jera magunguna bibbiyu, har ta hango siririn fili tsakanin wasu biyu. Aka haɗa masa su, ya tashi.

"Koma kan kekenka, Malam," ta ce. "Ka bar ƙwayar magani ɗaya ba ka sha ba, da rular nan zan zo maka."

Ke ce mai ganin abin da ido ba ya gani, Inna. Ke kika ba mu shekara guda ta ƙarar keke a gida. Mun gode.

Watan jiya gyambon ya dawo. Ta sake jera biyun nan, filin ya rufe ruf. Ta gwada duk abin da ke cikin firij. Daga ƙarshe ta ajiye rular.

"'Yata," ta ce da ni, "babu abin aunawa."

Jibi za a yanke ƙafar.

Har yau ba a sami mai zama kujerarta ba. Masu ilimi, don Allah wani ya zo ya zauna. Mu kuma mu daina shan rabin magani muna jefar da saura.

Ga ma'aikatan asibiti can suna yi mata tafin bankwana. Zan sa takardar nan ƙarƙashin rular in sulale. Baba na jira a gyara masa matashi.